Lambun Wasu

Mu goma sha bakwai muka cika motar,
'yan fanshon asibiti, kowa da ledar maganinsa.
Adashen wata shida muka zuba
don mu je mu ga yadda wasu ke shan inuwa.
Jalo ne jagora, yaro ɗan ƙwalisa,
da usur a wuya kamar mai raka 'yan firamare:
"Iyaye, ban da tsinka, ban da taka ciyawa,
kar a nemi mai gida, ba ya nan."

Daga Gombe muka miƙi hanyar Daɗin Kowa,
Kwadon ta bi mu da warin albasarta.
A gidan farko ƙofar ƙarfe ta buɗe kanta,
Goggo Petel ta yi salati, ta damƙi kafaɗata.
Ga ciyawa kwance an yi mata aski,
ruwa na ta juyi a kanta tun hantsi,
mu kuwa a Tudun Wada
kwana tara ke nan famfo bai ce uffan ba.
Fure ja, fure ruwan ɗorawa,
da wani da Jalo ya faɗi sunansa sau uku
harshena ya ƙi ɗauka.
Na ce, "Ɗan nan, ana miya da shi?"
Aka kwashe da dariya. Ni da gaske nake.

A gida na biyu ɗawisu ya tare mu,
ya baza wutsiya, ya juya mana baya.
Mangwaron aure ya nuna har ya gaji,
yana faɗowa tim, ba yaro ko ɗaya.
Kujeru takwas a rumfar inabi,
ƙura ta zauna a kan kowace.
Malam Kwairanga ya lissafa da sandarsa,
ya ce, "Sau nawa yake zuwa?"
Jalo ya ce, "Sallah da Sallah, in ya samu hali."

A na uku gwiwata ta ce ta isa.
Na bar su suna hoto a bakin tafkin kifi,
na bi gindin katanga neman wurin zama,
sai ga wani lungu da ba ya cikin takarda:
yakuwa, rama, kuɓewa layi biyu,
barkono a tsohuwar taya,
zogale ya miƙa wuya yana leƙen waje.
Wani dattijo a durƙushe, laka har gwiwar hannu,
ya ɗago, ya dube ni, ya sake dubawa.

"Ba ke ce Sista ta ɗakin haihuwa ba?
Daren da wuta ta ɗauke,
ke kika karɓi 'yata da tocila a baki.
Ni ne Manu. Yanzu 'ya'yanta uku."

Ban tuna shi ba, wallahi.
Dare nawa, tocila nawa.
Amma na zauna a kan bokitinsa,
ya nuna mini tafin hannunsa duk kanta,
ya ce kowane furen da muka yaba
shi ya san ranar da aka kawo shi a leda,
da wanda ya yi jinya, da wanda ya mutu aka sake.
Ya ciro aska, ya yanko reshe ɗaya
na mai sunan nan da ya gagare ni.

Can usur ya tashi.
"Sha shida! Wa ya ɓata?"
Na fito ina ɗingishi, kamar ba ni ba,
reshen na kwance tsakanin maganin hawan jini
da ragowar ƙosan safe.

Yau sati uku yana gwangwanin madara
a bakin ƙofar ɗakina.
Ruwan alwalata yake sha, shi ma da awo.
Jiya ya fid da ganye biyu ƙanana.
Jikata ta ce, "Kaka, mene ne sunansa?"
Na ce, "Manu."